Ra'ayinmu: Tallafin talakawan Cadi ya kamata ya tsaya da ƙafarsa

Duk ɗan kasuwar da ke ketare gadar Ngueli daga Kusiri zuwa N'Djamena ya san cewa ciniki yana tafiya ne gwargwadon abin da ke aljihun talaka. In magidanci a unguwar Walia ko Dembe ba shi da kuɗin mudun gero, to mai atamfa da mai sabulu su ma hannu biyu za su koma gida. Saboda haka maganar tallafa wa marasa galihu a ƙasar Cadi ta shafi masu karatunmu kai tsaye.

Ba yau aka fara yi wa talakan Cadi alkawari ba. A shekarar 1999 aka kafa dokar da ta ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin man fetur domin 'ya'ya da jikoki, ta kuma ce a kashe mafi yawan sauran a kan lafiya da ilmi da hanyoyi da raya karkara. Da wannan sharaɗi Bankin Duniya ya sa hannu a bututun kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi ta Kamaru, mai ya fara gudana a 2003. A ƙarshen 2005 gwamnatin marigayi Idris Debi ta gyara dokar, ta soke asusun 'yan baya, ta ce tsaro ya fi gaggawa. A 2008 bankin ya janye daga yarjejeniyar.

Sakamakon yana nan a ƙididdigar hukumar INSEED. Masu fama da talauci sun ragu daga kimanin kashi 55 cikin 100 a 2003 zuwa kashi 42.3 a 2018, sannan suka sake hawa zuwa kashi 44.8 a 2022. Tun da jama'a ƙaruwa suke yi, yawan matalauta ƙaruwa ya yi.

Mun yaba da shirin gwaji da aka fara a 2016 da kuɗin Bankin Duniya, inda aka riƙa ba gidaje mabuƙata a Logone Occidental da Bahr el Gazel jika 45 ta sefa duk wata uku, a N'Djamena kuwa aka ba mutane aikin gayya ana biyansu. Wannan kuɗi ba ya kwana a ƙarƙashin katifa. Hatsi ake saye da shi, da magani, da 'yar akuya, wani kuma ya zama jarin mai ƙosai. A ƙarshe kasuwa yake komawa.

Amma abin damuwar shi ne, yawancin irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin masu ba da agaji na waje suke tafiya. Ranar da suka naɗe tabarmarsu, tallafi ya tsaya. Ga kuma nauyi yana ƙaruwa: ambaliyar 2022 ta ci unguwannin bakin Shari da Logon, ta 2024 ta shafi mutane kusan miliyan 2, kuma tun Afrilun 2023 dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Sudan suka kwararo ta Adre.

Shi kuwa ɗan kasuwa yana tsakiya. Asusun CNPS na ma'aikatan da ke da takardar albashi ne. Mai tireda da dillalin shanu da mai turin kura suna biyan kuɗin kwastan da na rumfa, amma in gobara ko jinya ko rufe iyaka ta cinye jari, sai dai 'yan'uwa da adashi. Waɗanda suka ga yadda rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Gamboru a 2014 ba sai an ba su labari ba.

Don haka muna kira ga gwamnatin Shugaba Mahamat Idris Debi da ta yi abu uku. Ta ware wa tallafin talakawa kaso tabbatacce a kasafin kuɗinta na kowace shekara, ta kuma bayyana abin da ta kashe. Ta tabbatar rajistar mabuƙata ta ƙasa ba ta zama ta 'yan jam'iyya da dangin masu unguwa ba. Sannan dokar inshorar lafiya ga kowa ta 2019 ta fito daga takarda, da tsarin biya kaɗan-kaɗan da mai cinikin yini zai iya.

Mu ma akwai namu aikin. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su mayar da adashi asusun taimakon juna mai littafi da ma'aji da ranar bincike. A fitar da zakka a kan lokaci, a kai ta ga masu ita. A nemi takardun shaida, domin wanda babu sunansa a rajista ba a tunawa da shi ranar rabo. Kuma idan an raba tallafi a gari, kada mu tsawwala farashi. Yin haka kwashe abin da aka ba maraya ne, kuma yanke reshen da muke zaune a kai.

Man Doba ya shekara fiye da 20 yana fita. Talakan Cadi ya yi haƙurin da ya isa, lokaci ya yi da zai gani a tukunyarsa.