Shaƙuwar Kwana Uku Ba Ta Allura Ba Ce

Duk wanda ya tashi a Rogo Sabon Gari ya san yadda muke korar shaƙuwa. In jariri ne, uwa ta tsinko zare daga bakin zaninta, ta jiƙa da yawu ta manna masa a goshi. In yaro ne mai wayo, a ɗaure fuska a ce, "Kai ka sace naman miya!" Kafin ya gama rantse-rantse ta tafi. Babba kuwa ya kwankwaɗi ruwan randa ba numfashi. Ba mu da faɗa da waɗannan. Shaƙuwar minti biyar, ko an kula ta ko ba a kula ba, tafiya za ta yi, kuma ba a taɓa karɓar ko sisi a kan zare ba.

Faɗanmu da sabon yayi ne. Bidiyo na yawo a WhatsApp da TikTok, ana nuna siririyar allura a wuyan hannu, ana cewa Sinawa sun gama da shaƙuwa tun zamanin kakanni. Abin nema ya samu, sai ga masu jaka da farar riga suna tallar "allurar Sin", har ga dattijon da ya kwana huɗu yana shaƙuwa, ba barci, ba ci.

Mu yi wa Sinawa adalci. Sukar allura, wato akufanca, tsohon ilimi ne mai littattafai da makarantu, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon 'yan Adam a 2010. A fahimtarsu akwai wani ƙarfin rai da suke kira "chi", na tumbi kuma ƙasa ya kamata ya nufa. In ya juyo sama, shi ne shaƙuwa. Sai su soka allura a Neiguan, kimanin faɗin yatsa uku daga wuyan hannu ta ciki, ko a Zusanli da ke ƙasan gwiwa, don a mai da shi hanyarsa. Bayani ne mai daɗin ji. To, yana aiki? A 2013 masu bitar bincike na Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan shaƙuwa mai naci. Huɗu kacal suka cika sharaɗi, mutum 305 gaba ɗaya, duka kan akufanca, kuma duka da raunin tsari. Hukuncinsu: hujja ba ta isa ba. Su ma ƙwayoyin asibiti ba a samu gwajin da ya cika sharaɗi a kansu ba a lokacin, kada wani ya ce mun yi son kai.

Amma a ce ma allurar tana tsayar da shaƙuwar. Nan ne tsoronmu yake. Shaƙuwa zabura ce ta tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki, sai maƙogwaro ya rufe farat ɗaya, a ji "hik". Jijiyoyin da ke tayar da ita suna bi ta ƙwaƙwalwa da wuya da ƙirji har ciki, don haka duk abin da ya taɓa su a hanya zai iya kunna ta. Shi ya sa likitoci suka ja layi a awa 48. Wadda ta wuce nan takan zama 'yar aike: daga tsamin tumbi da ke hawowa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ƙari, ko wani magani irin dexamethasone, ko kuma, wanda ya fi damun mu, ƙodar da ta gaza tace jini har dafi ya taru. A watan Yulin 2021 shugaban Brazil na lokacin, Jair Bolsonaro, ya yi kusan kwana goma yana shaƙuwa. Da aka kai shi asibiti, toshewar hanji aka gano. Wanda ya rufe bakin 'yar aike da allura bai ji saƙon ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu ma da namu laifin. Mun raina wanzamin unguwarmu, wanda muka san ubansa da kakansa, mun ce ƙaho da tsaga ƙauyanci ne. Da aka sauya wa abu suna, aka haɗo shi da hoton jikin mutum mai ɗige-ɗige da rubutun da ba ma iya karantawa, sai muka miƙa hannu ba tambaya. A ina ya yi karatu? Allurar nan sabuwa ce, ko daga jikin wani aka zaro ta? Ciwon hanta nau'in B bai san allurar Sin da askar wanzami ba, jini yake bi. Ƙwararrun akufanca na gaskiya sau ɗaya suke amfani da allura su yar, kuma a manyan asibitocin Sin ɗin ma ana awon jini da hoto.

Za a ce mana asibiti da nisa, kuɗin mota ya yi tsada. Mun sani, mu ma hanyar muke bi. Amma awon farko ba sai an je birni ba: a fara da Babban Asibitin Rogo, a gwada hawan jini da sukari, a nemi awon ƙoda. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na Shika a Zariya. In an duba ba a ga komai ba, mai son allura ya je wurin wanda ya iya, ba mu hana ba.

Mai jaka kuwa, in ya sake ratsowa ranar kasuwa, tambaya ɗaya za mu yi masa kafin ya buɗe jakar: Malam, in mutum ya kwana uku yana shaƙuwa, ƙafafunsa sun kumbura, fitsarinsa ya ragu, ina za ka soka?