Jariri ba ya jiran azumi

Ƴan uwa matasa, kowa a cikinmu ya taɓa ganin irin hoton nan a Facebook ko WhatsApp: an tsinci jinjiri a bayan tasha ko a cikin kango, naɗe da zane. Sai mu cika wurin da "Allah ya isa" da "subhanallahi", kwana biyu mun manta. Shi kuwa yaron daga ranar rayuwarsa ta fara. Bayan ƴan sanda da likita da alƙalin yara sun gama nasu, gidan raino ake kai shi. To, wa ke ciyar da gidan?

Mu yi lissafi kaɗan. Jaririn da ba shi da nonon uwa madarar gwangwani ce abincinsa, kuma gwangwani mai giram 400 ba ya wuce kwana uku zuwa huɗu ga ɗan wata uku. Ke nan a wata guda yaro ɗaya yana shan wajen gwangwani takwas. Ku shiga farmasi ku tambayi kuɗin ɗaya, sannan ku ninka da jarirai goma. Ba a zo ga sabulu da kunzugu da gidan sauro ba, balle kuɗin wuta da na ruwa. Ga albashin matan da ke kwana a tsaye da dare suna jijjiga ɗan da ba su haifa ba, alhali su ma suna da nasu a gida.

Gaskiya ne tun 2006 Nijar ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Amma duk mai ɗa ya san ranar da magani ya yanke a likita, takarda ake miƙo maka ka je ka saya. Yaron kuma zai wuce shekara 5. Zai buƙaci takardar haihuwa, wadda in wa'adinta ya wuce sai an bi ta kotu. Zai shiga lakwal, daga baya ya nemi sana'a.

Matsalarmu ba rowa ba ce, taimakonmu ne na lokaci guda. Da azumi ko Sallar layya sai gidajen nan su cika da buhunan shinkafa da nama da masu ɗaukar hoto. Amma a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwantar da yara, ƙofar shiru take.

Na san wasu za su ce taimaka wa irin waɗannan gidaje ƙarfafa ɓarna ne. Ku faɗa mini, wane laifi jinjirin ya yi? Kuma ba duka ne labarinsu ɗaya ba: akwai wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai mai uwa mai taɓin hankali. Hana shi madara ba zai gyara tarbiyyar kowa ba, sai dai ya ƙara kabari.

Wasu kuma tsoronsu a ci kuɗin. Wannan magana ce mai tushe. Maganinta mu je da ƙafarmu, mu nemi ganin takardar izinin gidan, mu tambayi yara nawa ne da abin da ake kashewa a wata. Gidan da ke aiki tsakani da Allah ba zai ɓoye littafinsa ba.

Ga shawarata. Kowace fada a Maraɗi, Damagaram, Tahoua da Yamai tana da asusun shayi da sukari. Mutum ɗari su ajiye jika guda kowane wata, an samu jika ɗari da gidan zai iya dogara da ita. Wanda ba shi da kuɗi yana da hannu: mai gyaran famfo ya duba musu famfo, ɗalibin jami'a ya koya musu karatu ranar Asabar. Kuma don Allah mu bar yaɗa fuskokinsu a intanet, gobe manya ne, hoton zai bi su.

Yau da dare in an ɗora shayi, wani ya tayar da maganar.