Wa Ya Ke Da Bakin Tsawata Wa Azzalumi?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukan Funtua da Malumfashi, wai malami ya tsaya ga hukuncin alwala da rabon gado, ɗan boko kuwa ya tsaya ga lissafinsa, kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Ni ban yarda ba.

Mu ɗauki jangali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya lissafta shi a Kitabul Farƙi cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Duk da haka jangali bai mutu ba. Turawa suka tarad da shi, suka sa En'e ta riƙa karɓarsa da rasit. Da aka kafa NEPU a Kano cikin 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka tsananta kuka a kan haraji da aikin tilas, sai aka ce marasa kunya ne, ba su san girman na gaba ba. Alhali kuwa Malam Aminu ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri.

To, wa ya soke haraji da jangali a ƙasarmu? Balarabe Musa ne, gwamnan Kaduna, cikin 1979, sa'ad da Katsina ke cikin jiharsa, watau mutumin da a ke ce wa ɗan gurguzu. Kai mai shata iyaka, gaya mini, aikin nan nasa na addini ne ko na boko? Abin da Shehu ya hana, ga shi wani akanta ya zo ya kawar.

Ban ce babu bambanci sam ba. Aya ta hana tauye mudu, amma ba ta nuna wa manomin Bakori inda a ke cutarsa a kasuwar auduga ba, wannan sai wanda ya san sikeli. Abin da na ƙi shi ne a mai da bambancin nan katanga, domin azzalumi ne ke fakewa a bayanta. In malami ya yi magana a ce ya shiga siyasa, in ɗan boko ya yi a ce ba shi da addini.

A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun ɗora wa manoman Faskari da Sabuwa nasu harajin kafin su girbe masara, ba rasit, ba wurin kai ƙara. Liman yana tsoron a ce ya wuce mumbarinsa, ɗan boko kuwa ya rubuta kukansa da Turanci, wanda mai gonar ba ya ji.