"Miscreant": Mai Laifi Marar Suna

Duk Bahaushen da ya zauna a Ikko, ko a Agege ne ko Isolo ko Idi-Araba, ya saba jin wata kalmar Turanci daga bakin hukuma idan rikici ya ɓarke, wato "miscreant". Masu fassarar labarai sukan juya ta da ɓata-gari, wasu kuma su ce ɗan iska.

Asalinta dai tsohon Faransanci ne, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14, ma'anarta a lokacin kuwa ita ce wanda bai yi imani ba. Kiristocin Turai na wancan zamani har Musulmi sukan kira da ita. Sannu a hankali ma'anar addinin ta gushe, ta koma nufin mutumin banza mai aikata ɓarna, ko wane ne shi. Saboda haka ba ta nufin wata ƙabila, kuma ba sunan wani laifi ba ce a wurin alƙali. Kotu takan hukunta ɓarawo, ko mai kisan kai, ko mai sa wa gida wuta, amma ba ta ɗaure mutum don an kira shi ɓata-gari kawai.

To, a nan gizo ke saƙa. A watan Nuwamba na 1999 an gwabza tsakanin Hausawa da Yarabawa a kasuwar Mile 12 da ke Ketu. A Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba. A Maris na 2016 wutar ta sake tashi a Mile 12, har Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar. A kowanne an rasa rayuka da dukiya.

A irin wannan rana kalmar tana da amfani, domin takan hana a ɗora laifin mutum goma a kan ƙabila guda, ta kuma rage zafin masu neman ramuwa a Arewa. Amma illarta ita ce ɓata-gari ba shi da suna, ba shi da uba, ba shi da unguwa. Ɗan tumatirin da aka ƙone wa rumfa ba zai iya kai ƙarar kalma kotu ba.

Ya kamata sarakunan Hausawa na Ikko da shugabannin kasuwa su karɓi kalmar a ranar tarzoma don a kashe wuta, amma idan ƙura ta lafa su nemi hukuma ta faɗi sunaye, ta gurfanar da masu su gaban shari'a, ko da ɗan gida ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.