In Madara Ba Ta Karɓe Ka Ba, Wake Da Gyaɗa Na Nan

Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda kan wani abu da yake cinye mana kuɗi a banza.

Akwai mutane da yawa a ƙauyukanmu da in sun sha madara, kafin awa biyu ciki ya ɗauki ƙugi, ya kumbura, daga nan sai zawo. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce shawara ce. To, ma'aikatan lafiya sun ce a cikin madara akwai wani irin sukari da hanji yake narkarwa da taimakon wani sinadari. Jariri yana da sinadarin nan sosai, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin wajen kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Fulani makiyaya da yawa sun gaji riƙe shi har girma, shi ya sa su suke sha ba damuwa. Ka ga ke nan halitta ce, Allah Ya yi kowa da irin cikinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne masu yawo da gwangwanaye ranar kasuwa, suna cewa garin ƙarin jiki ne. Su tare mutum su ce tunda ba ka shan madara jikinka ba zai ginu ba sai da wannan. Jama'a, yawancin irin garin nan daga madarar ake yin sa! Ruwan da yake tsatsowa idan ana yin cuku shi ake busarwa a zuba a gwangwani. An gudu ba a tsira ba ke nan. Duk wanda zai saya ya ba ɗan makaranta ya karanta masa jikin gwangwanin. In an ga kalmar milk ko whey ko casein, to akwai madara a ciki. A kuma duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da zai lalace. Su kuwa ƙwayoyin ƙiba da ake ƙirgawa a leda ba suna, a guje su, don wasunsu kumbura jiki suke yi, su jawo hawan jini da ciwon sukari.

Abincin gina jiki, wanda 'yan boko suke kira furotin, yana nan cikin rumbunanmu. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar kamar giram 50 a rana. A giram 100 na madarar shanu abin da ke ciki giram 3 ne da ɗoriya. A giram 100 na busasshen wake akwai wajen giram 23, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35, ƙwai ɗaya kuma giram 6. Ƙuli-ƙuli ma ya fi gyaɗar, tunda an matse mai. Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya ga zahiri. Yaya za mu sayar da buhu mu sayo gwangwani?

Iyayenmu ba su yi boko ba, amma sun iya haɗi. Hatsi shi kaɗai ginin jikinsa bai cika ba, wake yake cike masa giɓin. Ga shinkafa da wake, ga ɗanwake, ga koko da ƙosai, ga alale, ga kunun gyaɗa. A ƙara da awarar waken suya, da daddawa a miya, da fara a lokacinta. Sai dai a tambaya kafin a saya, don akwai wara ta nonon shanu da ake yi da tumfafiya, a ido suna kama da juna.

Wani zai ce madara ce take ƙarfafa ƙashi. Gaskiya ne, amma ana samun wannan amfanin a ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, da riɗi, da kuka, da zogale. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba abin rainawa ba ne. A dai kiyaye gyaɗar da ta yi fumfuna, tana illa ga hanta, a kuma daina zuba wa wake maganin ƙwari barkatai, tunda akwai buhu mai leda biyu a ciki da yake kashe ƙwaro ba magani. Waken suya kuwa sai ya dahu sosai.

Har ila yau, masu irin cikin nan da dama suna iya shan nono mai tsami ko kindirmo kaɗan a fura, saboda tsamin ya rage sukarin. Amma wanda in ya sha madara jikinsa yake yin borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, wannan matsala ce daban, kuma tana iya kisa. Shi kam ya bar madara da nono da cuku gaba ɗaya, ya garzaya asibiti. Ku kuma iyaye mata, don Allah kada a cire jariri daga mama don ya yi zawo, a kai shi a duba shi.

Daga ƙarshe ina kira ga malaman gona da ma'aikatan asibitocin karkara da su riƙa yi wa jama'a wannan bayani ranar awo da ranar kasuwa. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi,
Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano.