Tagwayen Faifai Ba Sa Kama Ɓarawo

Magatakardan da aka damƙa wa kwamfuta a Gwarzo ko Kabo ya san ɓarnar da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ke yi wa faifan ajiya. Maganinta shi ne tagwayen faifai, waɗanda masana uku na jami'ar Berkeley ta Amurka suka kira RAID 1 a 1988: abin da aka rubuta a wannan, nan take ya sauka a wancan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ya ci gaba.

Amma fa juyi ne irin na almajiri, har da kuren malaminsa. In wani ya shiga da tsakar dare ya share sunan malamar firamare daga jerin albashi, tagwayen za su share tare, ita kuwa wata ya ƙare ba ko kwabo.

A nan rajistar shiga take da rana. A yawancin Linux, umarnin last yana karanta wtmp, ya nuna wanda ya shiga, da lokacin, da inda ya ɓullo. Sai dai in ma'aikata biyar suka yi tarayya a suna ɗaya, rajista ba ta tona kowa. Kamata ya yi kowa ya sami nasa, shugaba kuma ya riƙa duba ta duk Litinin.