Wace wuƙa za ka sa aljihu?

Ɗan'uwa, in ka shiga kasuwar Agadas neman wuƙa, kada ƙyalƙyali ya ruɗe ka. Ado ba ya yanke igiya.

A ganina, ƙarama mai ninkewa ta fi babba mai kube. Ita ce ta aikin yau da kullum: yanke igiyar raƙumi, yanka albasa, gyaran takalmi. Babba kuwa nauyi gare ta, kuma tana tsorata mutane.

Kafin ka biya, buɗe ta ka girgiza. In ruwan wuƙar yana kaɗawa, bar ta. Wata rana kan yatsanka za ta rufe. Nemi mai makulli, kamar Opinel ta Faransa, wadda zobenta ke riƙe ruwan.

Duba ƙarfen kuma. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, amma ya fi saurin wasuwa a dutse. Nan garin, rairayi ya fi tsatsa ɓarna. Riƙa share mahaɗin, ka ɗiga masa mai.

In ka gama aiki, ninke ta. Kada ka bar ta hannun yara, kada ka zare ta wurin faɗa.